Ɗafa-Ƙeyar Sunaye a Rubutun Tsabar Kuɗin Rumawa: Wa Ke Magana, Wa Ake Yi wa Magana?

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ƙarshen suna ke sauyawa a rubutun Latinanci da ke kan tsabar kuɗin Rumawa, daga ƙarni na 3 kafin Miladiyya zuwa ƙarni na 4 Miladiyya. Hujjarta ita ce harafi ɗaya ko biyu da ke wutsiyar sunan sarki su ke nuna ko shi ne mai magana, ko shi ake yi wa kyauta, ko kuwa abin nasa ne. Ta kuma bi wuraren da wannan ma'auni ke gazawa saboda gutsure kalmomi, da rashin rubuta tsawon wasali, da sauyin furuci.

1. Gabatarwa



Ƙwandalar azurfar nan ta Rumawa da ake kira denarius faɗinta bai cika santimita 2 ba, nauyinta kuma a zamanin sarakuna bai kai giram 4 ba. A wannan ɗan fili ne mai sassaƙa hatimi yake cusa kan sarki da sunansa da sunan ubansa da jerin muƙamansa, don haka ba makawa sai ya gutsure kalmomi. Imperator ya koma IMP, consul ya koma COS, pater patriae, wato uban ƙasa, ya koma P P. Masu tara tsofaffin kuɗi sun haddace waɗannan gutsattsari, kuma manyan kundaye irin su Roman Imperial Coinage, wanda Harold Mattingly da Edward Sydenham suka fara fitarwa a 1923, sun jera su daki-daki. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne kalmomin da aka bari cikakku. Me ya sa wata ƙwandala ta ce HADRIANVS, wata kuma HADRIANO? Me ya raba DIVVS da DIVO, ko PLAVTILLA da PLAVTILLAE?

Amsar farko ta nahawu ce, daga nan kuma take gangarawa cikin siyasa. Zan bar sunayen sarakunan yadda suke a Latinanci, tunda wutsiyarsu ce abin nazarin. A kuma lura cewa Rumawa ba su raba U da V a rubutu ba, saboda haka AVGVSTVS Augustus ake karanta shi.

2. Halayen suna

Wanda ya zauna gaban malami ya karanta Nahawun Larabci ya riga ya san rabin zancen. Zaidun, Zaidan, Zaidin duk mutum ɗaya ne. I'irabi ne ke nuna ko shi ya aikata, ko a kansa aikin ya faɗa, ko an jingina wani abu gare shi. Larabci halaye uku ya ba suna, Latinanci shida. A ɗauki sunan Traianus. Haka yake idan shi ne aikau, halin da Rumawa ke kira nominativus. Idan abu nasa ne sai ya zama Traiani, wato genetivus, aikin da Hausa ke yi da -n da -r, ko na da ta. Zan kira shi halin mallaka. Idan shi aka ba wa ko aka yi wa abu, inda Hausa za ta sa wa ko ga, sai ya zama Traiano, wato dativus, halin sadaukarwa. Karɓau kai-tsaye Traianum ne. Akwai ablativus, halin yanayi, mai ɗaukar ma'anar da, daga, a, ko bayan an yi kaza, kuma a wannan rukuni shi ma Traiano ne. Na shida shi ne halin kira, Traiane.

Tun a nan an ga tarko na farko: ɗafa-ƙeya ɗaya tana aiki biyu. A sunaye masu ƙarewa da -a, yawancinsu na mata, Faustinae na iya zama «na Faustina» ko «ga Faustina». Rukuni na uku ya fi rikici, domin har saiwar kalmar takan motsa. Nero yana zama Neronis a mallaka, Neroni a sadaukarwa. Venus tana zama Veneri, Mars yana zama Marti, Iuppiter kuwa sai ya rikiɗe gaba ɗaya ya koma Iovi. Shi ya sa IVPPITER CVSTOS da ke kan kuɗin Nero da IOVI CONSERVATORI da ya cika kuɗin ƙarni na 3 da na 4 duk abin bauta ɗaya suke nufi, na farko yana faɗin sunan hoton, na biyu yana miƙa masa ƙwandalar. Harafin I na ƙarshen PROBI, suna na rukunin -us, mallaka ne, na ƙarshen NERONI sadaukarwa ne. Wanda bai san rukunin suna ba, ganin harafin kaɗai ba zai fisshe shi ba.

3. Daga ROMANO zuwa sunan mutum ɗaya

Girkawa, waɗanda Rumawa suka koyi buga kuɗi a wajensu, halin mallaka suka saba da shi. Kuɗin Iskandar Mai Girma Alexandrou suke ɗauke da shi, «na Iskandar». Azurfar farko ta Rumawa ta bi sahu da kalmar ROMANO. Mai kallonta da idon Latinancin zamanin Cicero zai ɗauka «ga Barume» ake nufi, alhali tsohon jam'in mallaka ne, Romanom, wanda daga baya ya zama Romanorum, an yar da M ɗin ƙarshe domin dama da ƙyar ake furta shi. Ma'anarta «na Rumawa». Kafin a ƙirƙiro denarius wajajen 211 kafin Miladiyya, a tsakiyar yaƙi da Hannibal, ROMA ta maye gurbinta, sunan birnin tsirara.

A ƙarni na 2 kafin Miladiyya jami'ai ukun da ke kula da gidan buga kuɗi, yawanci samari 'yan manyan gidaje masu neman hawa tsanin muƙami, suka fara sa sunayensu. Ba su tsaya kan hali ɗaya ba. A kundin Michael Crawford na 1974 ana samun L VALERI FLACCI, wajajen 108, a halin mallaka, sannan C VIBIVS C F PANSA, a 90, a halin aikau. Da VALERI kaɗai aka rubuta da sai mu yi shiru, domin tsofaffin rubuce-rubuce sukan gajarta Valerius haka nan. FLACCI ce ta yanke hukunci. Wannan ita ce ƙa'idar da zan yi ta komawa gare ta: kalmar da aka bari cikakkiya ita ke ba gutsattsarin da ke gefenta halinsu.

Da Yuliyas Kaisar ya sa kansa a kan kuɗi a 44 kafin Miladiyya, tare da CAESAR DICT PERPETVO, halin aikau ya samu aiki biyu: shi ne sunan fuskar da ake gani, shi ne kuma sunan mai ikon da ya fitar da kuɗin. Haka ya zama al'ada. TI CAESAR DIVI AVG F AVGVSTVS na Tiberius ya buɗe da aikau ya rufe da aikau, a tsakiya kuma ga mallaka, «ɗan Augustus abin bauta». Salon iri ɗaya ne da na rubutun gine-gine, kamar wanda har yau ke goshin Pantheon a birnin Rum, M AGRIPPA L F COS TERTIVM FECIT, Marcus Agrippa ɗan Lucius, consul karo na uku, shi ya gina. Bambancin kawai ƙwandala ba ta cika ɗaukar aikatau ba. Amma akwai wadda ta ɗauka. Wajajen shekarar 65 Nero ya buga tagulla mai hoton ɗakin bautar Ianus da ƙofarsa a rufe, alamar babu yaƙi, an zagaye shi da PACE P R TERRA MARIQ PARTA IANVM CLVSIT: «bayan an samar wa al'ummar Rum zaman lafiya a tudu da teku, ya rufe Ianus». Wa ya rufe? Babu aikau a wannan gefen. Sai an juya ƙwandalar ake samunsa, NERO, zagaye da kansa. Jimla ɗaya ce aka raba gida biyu, kuma wannan ya isa hujjar cewa gaba da baya tare ake karanta su.

4. Uwa a halin aikau

A watan Oktoba na 54 Claudius ya mutu, Nero ya hau gado yana ɗan shekara 16. Zinariya da azurfar farko da aka buga masa a matsayin sarki suna nuna shi da mahaifiyarsa Agrippina suna fuskantar juna, hanci ya kusa taɓa hanci. Rubutun da ya kewaye kawunan biyu shi ne AGRIPP AVG DIVI CLAVD NERONIS CAES MATER: Agrippina Augusta, matar Claudius abin bauta, uwar Nero Kaisar. MATER aikau ne, NERONIS mallaka ne. Wato a fuskar kuɗin sarki, sarkin ya shigo ne a matsayin wanda ake kwatanta uwarsa da shi. Nasa sunan da muƙamansa suna baya, NERONI CLAVD DIVI F CAES AVG GERM IMP TR P, a halin sadaukarwa.

A nan sai an yi taka-tsantsan. Sadaukarwar da ke baya ba ƙasƙanci ba ce, domin ta kewaye kambin ganyen nan da ake ba wanda ya ceci rayukan 'yan ƙasa, a cikinsa an rubuta EX S C, bisa hukuncin majalisar dattawa. Kambi ne aka ba Nero, dole sunansa ya zo a halin wanda aka ba. Abin lura shi ne aikau ɗin da ke gaba ya zama na mace, sarki kuwa yana raye. Kuma da alama an ga abin a fada, domin a bugun 55 an juya lissafin: NERO a halin aikau ya dawo gaba, kan uwar ya koma bayan na ɗan, sunanta ya koma bayan ƙwandala. Bayan wannan ta ɓace daga kuɗin birnin Rum ɗungurungum, shekaru kafin ya sa a kashe ta a 59.

5. Traianus da muryar majalisa

Babu sarkin da ya riƙe halin sadaukarwa kamar Traianus, wanda ya yi mulki daga 98 zuwa 117. Kuɗinsa na farko sun bi al'ada: IMP CAES NERVA TRAIAN AVG GERM, inda NERVA ke nuna aikau ne. Daga wajajen 103, bayan yaƙin farko da Dacia, sai rubutun ya sauya. A manyan tagulla ana karanta IMP CAES NERVAE TRAIANO AVG GER DAC P M TR P COS V P P, a baya kuma S P Q R OPTIMO PRINCIPI. In aka haɗa gefen biyu, ga abin da ya fito: majalisar dattawa da al'ummar Rum, ga Imperator Kaisar Nerva Traianus, mafificin shugaba. Aikau ya bar sarki ya koma kan majalisa. Ƙwandalar ta daina zama sanarwar mai mulki, ta ɗauki siffar allon da ake kafawa a gindin mutum-mutumi don girmama wani.

A dubi kalmar NERVAE da kyau. Nerva namiji ne, amma sunansa na rukunin -a ne, don haka NERVAE na iya zama «na Nerva», kuma tunda Traianus ɗan riƙon sarki Nerva ne, mai gaggawa zai karanta «Traianus na Nerva». A wannan ƙwandala ba haka ba ne. Nerva wani ɓangare ne na sunan Traianus kansa, kuma ya bi TRAIANO cikin sadaukarwa. Gindin ginshiƙin Traianus, wanda aka keɓe a 113, ya ajiye mana ma'anonin biyu kafaɗa da kafaɗa: IMP CAESARI DIVI NERVAE F NERVAE TRAIANO. NERVAE na farko mallaka ne, yana rataye da F, ɗan Nerva abin bauta. Na biyu sadaukarwa ne, ga Nerva Traianus. Haruffa shida iri ɗaya, harafi ɗaya tak ke tsakaninsu, aikinsu dabam.

Wa ya zaɓi wannan salo? Gidan buga kuɗi a hannun sarki yake. Abin da ya faru shi ne ma'aikatan sarki sun ari bakin majalisa sun yaba wa sarki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Domitianus, wanda aka kashe a 96, ya bar ɗaci a bakin 'yan majalisa, kuma duk mulkin Traianus an gina shi ne kan nuna cewa shi ba irinsa ba ne. Plinius Ƙarami, a jawabin yabon da ya yi a shekarar 100, ya riga ya ambaci cewa majalisa na kiran Traianus optimus. Sai a 114 kalmar ta shiga cikin sunansa a hukumance, ta kuma tsallako daga baya zuwa gaban ƙwandala: TRAIANO OPTIMO AVG. A. H. M. Jones ya yi shakka a 1956 kan ko mutanen daular suna damuwa da abin da ke rubuce a kuɗinsu, kuma ina ganin yana da gaskiya game da mai sayar da man zaitun a kasuwa. Amma salon da aka riƙe fiye da shekara goma a zinariya da azurfa da tagulla ba kuskuren mai sassaƙa ba ne; wani ne ya ba da umarni.

Hadrianus ya gaji salon na ɗan lokaci. Cikin kuɗinsa na 117 akwai masu HADRIANO, sai cikin 'yan watanni ya koma HADRIANVS. Daga baya ya ajiye sadaukarwa a bayan ƙwandala inda take da ma'ana, kamar RESTITVTORI AFRICAE, «ga mai farfaɗo da Afirka», inda ake ganinsa yana miƙa hannu ya ta da macen da ke wakiltar lardin daga durƙuso.

Kada dai a mai da wannan doka. Plautilla ta auri Caracalla a 202, aka kore ta a 205, kuma cikin wannan gajeren lokaci an buga mata PLAVTILLAE AVGVSTAE da PLAVTILLA AVGVSTA. Ban ga siyasar da za a tatsa daga nan ba. Matan gidan sarauta da 'ya'yan sarki ba su ke fitar da kuɗi ba, buga musu ake yi, saboda haka sadaukarwa ta dace da su, aikau kuma ya dace da hotonsu, mai hatimi yana da zaɓi.

6. Matattu

Sarkin da ya mutu majalisa ta sa shi cikin ababen bautarsu shi ake kira divus. Bayan mutuwar Antoninus Pius a 161 an buga ƙwandala mai DIVVS ANTONINVS a gaba da DIVO PIO a baya. Mutum ɗaya, hali biyu, kuma babu saɓani: na gaba sunan kan da ake gani ne, na baya yana tare da hoton ginshiƙi ko bagaden da aka gina masa. A ƙarni na 3 sadaukarwa ta yi rinjaye har a gaba. Decius, wajajen 250, ya buga jerin sarakuna 11 da suka shuɗe, daga DIVO AVGVSTO zuwa DIVO ALEXANDRO, cikinsu har da DIVO NERVAE, inda DIVO mai siffar namiji ke zaune gefen suna mai wutsiyar -AE ba tare da wata matsala ba.

Maxentius, wanda ya riƙe birnin Rum daga 306 zuwa 312 ba tare da sauran sarakuna sun amince da shi ba, shi ya cika jimlar. Ya rubuta mai bayarwa da wanda aka ba a gefe ɗaya: IMP MAXENTIVS DIVO MAXIMIANO PATRI, Maxentius ga Maximianus abin bauta, ubansa. Uban nan sun ɓata da shi a 308, amma da ya mutu a 310 sai ya zama jari. Akwai kuma wadda ke cewa DIVO MAXIMIANO SOCERO, kuma wannan wani mutum ne dabam, Galerius, wanda shi ma Maximianus ne a hukumance, kuma 'yarsa Maxentius ke aure. PATRI da SOCERO, uba da suruki, su kaɗai ke raba matattun biyu a rubuce. Mai rai ya tsaya a halin aikau, ya jera matattu a halin sadaukarwa, kowanne da kalmar dangantakarsa da shi; abin da yake nema halacci ne.

Wannan zamanin ne kuma ya fi wahalar da mai karanta ƙwandalar da ta goge. MAXIMIANVS da MAXIMINVS harafin A ne ya raba su, kuma Galerius da Maximinus Daia duk suna fara sunansu da GAL VAL. CONSTANTINVS da CONSTANTIVS harafin N ne, ga kuma ƙanensu CONSTANS. Hoto ba ya taimako sosai, domin a ƙarni na 4 fuskokin sun zama kusan iri ɗaya.

7. Inda aka yanke wutsiya

PAX AVG na cikin rubuce-rubucen da suka fi yawa, kuma ba mu da tabbacin yadda za a cike shi. Yana iya zama Pax Augusti, zaman lafiyar sarki, inda Augusti suna ne a halin mallaka, ko Pax Augusta, inda Augusta sifa ce. Dukansu suna nan cikakku. A zinariyar Claudius ta farkon mulkinsa akwai CONSTANTIAE AVGVSTI, akwai kuma PACI AVGVSTAE: dauriya halin mutum ce, don haka ta sarki ce shi kansa, zaman lafiya kuwa yanayi ne da sarauta ta kawo. Wanda ya zaɓi kalmomin ya san bambancin. Da aka gutsure zuwa AVG sai bambancin ya nutse, kuma masu kundaye da ke cike gurbin da Augusti ko'ina zato suke yi.

Abin sha'awa, gutsurewar ta ƙirƙiro nata nahawun. AVGG na nufin sarakuna biyu, AVGGG uku. Carausius, wanda ya ɓalle da Birtaniya daga wajajen 286 har aka kashe shi a 293, ya buga PAX AVGGG domin ya lissafa kansa na uku tare da Diocletianus da Maximianus, waɗanda ba su taɓa karɓarsa ba. G ɗaya ya ƙara.

Sai matsalar tsawon wasali. Latinanci na bambanta dogon wasali da gajere amma rubutun kuɗi ba ya nuna shi, kamar yadda bokonmu ke rubuta gari na zama da gari na tuwo iri ɗaya. GLORIA EXERCITVS na ƙananan tagullar shekarun 330 yana kama da aikau biyu a jere, amma U ɗin ƙarshe dogo ne, mallaka ne: ɗaukakar runduna. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne IVDAEA CAPTA, wanda Vespasianus ya buga a 71 bayan rushe Urushalima, da hoton mace zaune tana makoki a gindin dabino. Idan A ɗin gajere ne, aikau ne: Yahudiya kamammiya, sunan matar da ke hoton. Idan dogo ne, halin yanayi ne: bayan an kama Yahudiya. Ido ba zai raba su ba.

Shaidu biyu ne ke karkata ni ga na biyu. Na farko ƙwandalar Augustus ce ta 28 kafin Miladiyya, mai hoton kada, da AEGYPTO CAPTA. Sunan Masar, Aegyptus, tamata ne amma na rukunin -us, saboda haka wutsiyarsa ba ta iya ɓuya. O ɗin nan halin yanayi ne ƙarara. SIGNIS RECEPTIS, na murnar karɓo tutocin da Crassus ya rasa a Carrhae a 53, wanda aka dawo da su a 20 kafin Miladiyya, shi ma haka. Shaida ta biyu daga Kaisariya ta gaɓar teku take, inda aka buga irin wannan kuɗi da Girkanci aka rubuta Ioudaias healokuias, a halin mallaka, wanda shi ne hanyar da Girkanci ke faɗin «bayan an kama». Wanda ya yi wannan rubutu ya ji dogon A. Duk da haka ba zan ce an rufe ƙofa ba, domin Vespasianus na da denarius mai IVDAEA kaɗai a ƙarƙashin matar, Traianus kuma na da ARMENIA ET MESOPOTAMIA IN POTESTATEM P R REDACTAE, inda jam'in REDACTAE ya tabbatar da aikau. Salon biyu duk suna hannun masu hatimi.

8. GALLIENAE AVGVSTAE

Gallienus, wanda ya yi mulki daga 253 zuwa 268, ya fi kowa wasa da halayen suna. Shi ne ke da GALLIENVM AVG SENATVS da GALLIENVM AVG P R, sunan sarki a halin karɓau, abin da ba a cika gani a Latinancin kuɗi ba: majalisa, ko al'ummar Rum, tana girmama Gallienus, an ɓoye aikatau, salon da Girkawa suka saba da shi a gindin mutum-mutumi. Amma wadda ta fi tayar da ƙura zinariya ce mai GALLIENAE AVGVSTAE a gaba da VBIQVE PAX, zaman lafiya ko'ina, a baya. A nahawun makaranta wannan sunan mace ne, «ga Galliena Augusta». Hoton kuwa na Gallienus ne da gemunsa, sanye da kambi mai kama da zangarniyar hatsi. Matarsa Salonina ce, ba ita ake nufi ba.

An kawo bayani uku. Na farko, wai zambo ne, ana yi wa sarkin gorin mace, kuma marubutan da suka ƙi jininsa, irin mai Historia Augusta, sun zana shi a matsayin rago mai son holewa. Wannan bai shige ni ba. Ba a yi wa sarki zambo da zinariyarsa a gidan buga kuɗinsa. Na biyu na Andreas Alföldi ne, wanda ya danganta abin da bautar Demeter ta Eleusis, yana ganin sarkin ya haɗa kansa da abar bautar hatsi, kambin kuma shi ne shaida. Na uku J. P. C. Kent ya kawo shi a 1973: ba sunan mace ba ne sam, halin kira ne, Galliene Auguste, «ya Gallienus Augustus», irin kirarin da taro ke ɗagawa, an rubuta E da AE.

Ƙarfin bayanin Kent yana cikin tarihin furuci. Tagwan wasalin ae ya daɗe da narkewa ya zama e a bakin talakawa. Rubuce-rubucen bangon Pompeii, waɗanda dutsen Vesuvius ya binne a 79, sun riga sun nuna ruɗanin. Idan sauti biyu suka haɗe, marubuci yakan yi kuskure ta fuska biyu, ya sa E inda ake son AE, ko tsoron kuskure ya sa shi ya sa AE inda E ce daidai. Dukansu sun hau kuɗin hukuma. Tagullar Helena, mahaifiyar Constantinus, ta shekarun 320, SECVRITAS REIPVBLICE take ɗauke da shi, an cinye A. Kuɗin da aka buga wa Diocletianus bayan ya yi murabus a 305 kuwa suna cewa D N DIOCLETIANO BAEATISSIMO SEN AVG, an cusa A cikin beatissimo inda ba ta da gurbi, kuma a gidajen buga kuɗi fiye da ɗaya. Halin kira ma ba baƙo ba ne a kan kuɗi: Carausius na da EXPECTATE VENI, «ya wanda ake jira, zo».

Inda bayanin ke da rauni shi ne kuskuren ya faɗa kan kalmomi biyu a jere, a sunan sarki kansa, a kan zinariya, kuma sakamakonsa ya fito daidai da sahihin sunan mace wanda duk mai ilimi a fada zai gane da kallo ɗaya. BAEATISSIMO ba ya sauya ma'anar komai, GALLIENAE kuwa yana sauyawa. Duk da haka Kent na fi bi, saboda GALLIENVM ya riga ya nuna mana fadar da ke son kuɗinta su yi magana da muryar taro, kuma daga «majalisa na girmama Gallienus» zuwa «ya Gallienus, zaman lafiya ko'ina» taki ɗaya ne. Mai son ya tsaya tare da Alföldi, nauyin da ke kansa shi ne ya nuna wani sarkin Rum da ya karɓi ɗafa-ƙeyar mace a sunansa don girmama wata abar bauta. Commodus, da ya mai da kansa Hercules a 192, HERCVLI ROMANO ya rubuta, sunan abin bautar ya ɗauka, nasa jinsin bai motsa ba.